Kafin a sa tayil da fenti, a duba abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Jama'a masu sauraro, na Kornaka da ƙauyukan kewaye, da 'yan uwanmu da ke Libiya, Aljeriya, Abijan ko Legas, ga wata magana da muke yawan ji: "Na turo kuɗi a ƙarasa mini gida." In aka ce ƙarasawa, hankali yakan tafi kan fenti, tayil da ƙofar ƙarfe, wato abin da zai fito a hoton WhatsApp. Amma abin da ke kada gida yana ƙasa, inda hoto ba ya kaiwa.

Ba mu manta da daminar 2024 ba. Ruwa ya kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, jiharmu ta Maradi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma da yawa gini ne ya faɗa musu. A watan Satumba na shekarar har tsohon masallacin Damagaram ya rushe.

A ƙasashe kamar Amurka, mai son mayar da ɗakin ƙarƙashin ƙasa wurin kwana sai ya nemi izini. Ƙa'ida ta ce tsayin ɗakin ya kai wajen mita 2 da santimita 13, a bar tagar da mutum zai iya ficewa in gobara ta tashi, a kuma sa na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi. Mu nan ba mu saba da irin wannan ɗaki ba, amma dalilin ɗaya ne: ruwa, iska da hanyar tsira.

Mu fara da tushe. Ƙasarmu yawanci jigawa ce, rairayi ba ya riƙe nauyi in ruwa ya ratsa shi. A haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, a ɗaga daɓen ɗaki ya fi tsakar gida da hanya tudu. In an zuba siminti, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Wanda ya bushe da gaggawa a zafin bazara, tsagewa yake yi. Kuma kada a yi gini a kan hanyar ruwa don fili ya yi arha. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

Sai ramin masai. Masana tsafta sun ce a nisanta shi da rijiya da mita 30, ƙasan ramin kuma ya kasance aƙalla mita 1 da rabi sama da ruwan da ke cikin ƙasa. Masu zama kusa da gulbi ko fadama su kula da wannan sosai. A rairayi, a gina bangon ramin da bulo, kada kuma a haƙa shi jikin ɗakin kwana ko katangar maƙwabci.

Ga masu ginin ƙasa, shafen siminti a kan tubali yana ɓoye damshi, bango ya riƙa ruɓewa ta ciki ba a sani ba. Yaɓe kafin damina, da indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da gindin bango, sun fi ado amfani. Kowane ɗakin kwana ya samu taga mai buɗuwa. Garwashi ko janareto a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji wari ba.

Akwai kuma batun takarda. In filin cikin gari ne da aka yanka, a je ma'aikatar magajin gari a tambayi izinin gini kafin a zuba bulo. In a ƙauye ne, a sa mai gari da kwamitin kula da filaye su shaida iyaka a rubuce, kada magada su zo suna rigima a kan gidan da aka sha wahalar ginawa.

Ɗan uwa da ke nesa, in za ka turo kuɗi, ka ce a ɗauko maka hoton tushe da na rami tun ba a rufe su ba. Fenti zai iya jira sai baɗi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da iyalanmu.