Yahudanci, Hindu da Santeriya: Wace Amsa Za Mu Ba 'Ya'yanmu?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Tun da aka tashi tsohon Zango daga tsakiyar Lome a shekarar 1977, iyalanmu suka bazu a Agoè-Zongo da Cacavéli da kewaye, 'ya'yanmu kuma suka tashi cikin maƙwabta masu addinai daban-daban. A lakwal suna jin tarihin Yahudawa, a gida suna kallon finafinan Indiya, idan aka bi da su kasuwar Akodessewa su ga kayan Vodu. Don haka ba mu yi mamaki ba da wani ɗalibi ya tambaye mu a makarantar dare, shin duk wanda ba Musulmi ba abu guda yake bauta wa? Tsawa ba ta gamsar da yaro, domin zai nemi amsa a wani wuri. Bari mu ɗauki addinai uku don misali.

Yahudawa, waɗanda yawansu ya kai wajen miliyan 15 a duniya, sun fi kusa da mu. Suna riƙe da Attaura, sun haramta gunki, suna yi wa jariri kaciya a rana ta 8, ba sa cin alade, suna kuma gaggauta binne mamaci. Sun daina layyar hadaya tun da Rumawa suka rushe ɗakin ibadarsu na Ƙudus a shekara ta 70. Inda muka rabu shi ne ba su karɓi annabcin Annabi Isa da na Annabi Muhammadu (SAW) ba.

Mabiya Hindu sun haura biliyan 1, akasarinsu a Indiya. Tsofaffin littattafansu su ne Veda. Da yawansu suna cewa asalin komai ɗaya ne, Brahman, amma suna bauta ta hanyar siffofi kamar Shiba da Krishna, suna miƙa musu furanni da madara. Sun yi imani rai yana sake dawowa duniya a wani jiki gwargwadon aikinsa, suna girmama saniya, yawanci kuma ƙona gawa suke yi.

Santeriya kuwa a Kyuba ta tsiro, cikin Yarbawan da aka kwasa daga wannan gaɓar teku kafin a hana bauta a can a 1886. Bayin sun ɓoye orisha ɗinsu a bayan waliyyan Katolika, Shango ya zama Santa Barbara. Sun yarda da Mahalicci guda, Olodumare, amma orisha ake yi wa yanka da kiɗa har su hau kan mutum, kamar yadda muka sani a bori. Wannan ba baƙon abu ba ne a Togo: Shango ɗan'uwan Hebieso ne na maƙwabtanmu Ewe da Mina, Ogun shi ne Gu, duban Ifa kuma shi ake kira Afa. Har ma a ɗakunan Mami Wata da ke tsakanin Lome da Aneho ana rataye hotunan gumakan Indiya.

Idan muka lura, dukkansu suna da tsarki da abincin da suka haramta da girmama magabata, kuma kowannensu yana ambaton wani Maɗaukaki. Bambancin yana ga tambaya ɗaya: shin Shi kaɗai ake roƙo, ko sai an ratsa ta wani? A nan Yahudanci ya ware daga sauran biyun. Wannan yana da hukunci har a akushinmu, domin aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ma'abota Littafi, alhali naman da aka yanka da sunan wanin Allah haramun ne.

Ya ku iyaye, mu bayyana wa yara wannan cikin natsuwa. Mu kuma tuna musu cewa aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana zagin abin bautar wasu. Maƙwabcin da ba ma cin yankansa yana da haƙƙin gaisuwa da dubiya da taimako ranar da ruwa ya ci gidansa.

Allah Ya tabbatar da mu a kan tauhidi, Ya zaunar da Togo lafiya. Amin.