Riƙon Amanar Majigin Ikkilisiya A Ƙasar Haɗejia

 Darasinmu na wannan karo ya shafi fastoci, masu bishara, dattawa da matasan da ke kula da kayan sauti a majami'unmu, musamman waɗanda ke Haɗejia da garuruwan fadama irin su Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri. Za mu yi magana a kan majigi: yadda za mu kula da shi, da abin da za mu yi idan ya ƙi aiki.

A wani hunturu da ya wuce mun je taron farkawa a wata ƙaramar ikkilisiya ta ƙauye. An sanar za a nuna fim ɗin Yesu da Hausa. Mutane suka cika harabar, har da maƙwabta da aka gayyata. Ba a yi minti 20 da farawa ba majigin ya mutu. Aka sake kunnawa, ya yi minti 5 ya sake mutuwa. Kafin a ankara rabin jama'a sun watse. Da gari ya waye muka buɗe murfin gefe, sai ga filtarsa ta toshe da ƙura ta zama kamar tsohon bargo. Tun da aka saye shi ba wanda ya taɓa buɗe wurin. Gyaran bai ci ko sisi ba, amma mutanen da suka tafi a daren ba duka ne suka dawo ba.

Me ya sa wannan ya shafi ikkilisiya?

Majigi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun a zamanin mulkin Turawa motocin gwamnati sun riƙa zagaya garuruwa suna nuna fina-finan tsabta da na noma a ƙofar fada, kuma sunan ya samo asali ne daga wata tsohuwar fitilar nuna hotuna ta Turawa. A wajenmu kuwa, fim ɗin Yesu da ya fito a 1979, wanda aka gina a kan Bisharar Luka, an fassara shi zuwa harsuna fiye da 2,000. Ga ɗan'uwan da bai iya karatu ba, abin da ya gani da idonsa yana zama a zuciyarsa. Da majigi kuma muke nuna waƙoƙi da ayoyi a lokacin sujada, muke koyarwa a Makarantar Lahadi da taron Zumuntar Mata.

Kuɗin da aka sayi wannan na'ura baikon masu bi ne: buhun shinkafar manomi, cinikin masunci, ribar mai ƙosai. Idan muka duba Littafin Ƙidaya sura 4, za mu ga an rarraba wa iyalan Lawiyawa aikin ɗaukar kayan alfarwa, kowane iyali da nasa kaso, har turaku da igiyoyi an san wanda suke hannunsa. Wasiƙar farko zuwa ga Korintiyawa 4:2 kuma tana tuna mana cewa aminci ne ake nema a wurin wanda aka ba amana. Saboda haka kula da majigi sashe ne na hidima.

Abokan gāba huɗu

Majigi irin wanda ya fi yawa a majami'unmu yana da ƙwai mai tsananin haske da tsananin zafi. A cikinsa akwai fanka da ke jan iska daga waje ta ratsa filta, wato matatar ƙura, ta sanyaya ƙwan, sannan ta fita ta wancan gefen. Kusan dukan matsalolinsa daga abubuwa huɗu suke fitowa, kuma duka huɗun muna da su a yankinmu.

Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana ɗauko ƙura mai laushi daga Sahara. Tana toshe filta, iska ta kasa shiga, zafi ya taru. Na biyu zafi. Yawancin kamfanoni sun ƙayyade cewa majiginsu ya yi aiki a wurin da zafi bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, alhali a Afrilu da Mayu zafin Haɗejia yakan wuce 40, balle a ƙarƙashin rufin kwano mara silin. Na uku wuta mai hawa da sauka, ko ta gari ko ta janareta. Na huɗu ruwa da laima. Kogin Haɗejia, wanda ruwansa ke gangarowa daga wajen madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano, yakan cika ya tumbatsa a Agusta da Satumba, kuma ba mu manta ambaliyar 2020 da ta 2022 ba.

Bari mu yi ɗan lissafi. Ƙwan majigi yakan yi awa 3,000 ko fiye kafin ya gaji. Idan muna kunna shi awa 6 a mako, awa 312 ke nan a shekara, wato ya kamata ya kai shekara 9. To, idan namu ya mutu cikin shekara 2, ba tsufa ne ya kashe shi ba. Ɗaya daga cikin waɗannan huɗun ne, kuma mu ne muka bar masa ƙofa.

Kulawa ta yau da kullum

1. A ba mutum ɗaya amanar majigin, da mataimaki ɗaya, kwamitin dattawa ya san sunayensu. Kayan da aka ce na kowa ne, ba mai kula da shi. A ajiye ƙaramin littafi da za a riƙa rubuta ranar da aka share filta, awannin da ƙwai ya yi, da sunan duk wanda ya ara.

2. A share filta. A hunturu kowane mako, ko bayan kowace fita ƙauye; a sauran watanni sau ɗaya a wata. A kashe majigin, a cire fulogi, a bari ya huce, a zaro filtar, a kakkaɓe ta da burushi mai laushi nesa da majigin. Idan ta yage a sauya ta. Kada a kunna majigi ba filta, domin ƙurar za ta wuce kai tsaye zuwa gilasan ciki. Wasu majigin ba su da filtar da ake zarowa. Su sai a share ramukan iskarsu.

3. A ba shi wurin numfashi. A bar aƙalla kamu biyu tsakanin ramukan iska da bango. Kada a ɗora shi a kan katifa, matashi ko zanen teburi mai kauri, kada kuma a ɗora littafin waƙoƙi ko jaka a kansa yana aiki. Da bazara a juyo masa fanka.

4. A kashe shi ta hanyar da ta dace. A danna maɓallin kashewa, a jira fankar ciki ta tsaya da kanta, sannan a cire fulogi. Wannan minti ɗaya ko biyu shi ne lokacin da ƙwan ke hucewa. Kada a ɗauke shi ko a sa shi a jaka yana da zafi.

5. A nemi zaɓin da aka rubuta Eco a cikin tsarinsa. Yana rage haske kaɗan, amma yana rage zafi da ƙarar fanka, yana kuma tsawaita ran ƙwai. Da dare ba wanda zai ga bambanci.

6. Gilashin gaba a goge shi da ƙyalle mai laushi irin na tabarau, bayan ya huce. Ba da bakin riga ba, ba da yawu ba, ba da fetur ba. A mayar da murfinsa bayan an gama.

Batun wuta

Idan janareta za mu yi amfani da shi, a cika masa mai tun kafin a fara, a tayar da shi, a bari muryarsa ta daidaita, sannan a haɗa majigi. Idan an gama, majigi ake fara kashewa, janareta daga baya. Janaretan da mai ya kusa ƙare masa yana tari, wutarsa tana hawa tana sauka, wannan kuwa yana iya ƙona sashen wutar majigi. Kada a haɗa shi layi ɗaya da firji ko dutsen guga. A kuma ajiye janareta a fili, nesa da taga da wurin zaman yara, gama hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji komai ba.

Majigi mai ƙwai yakan sha wajen wat 300. Sitabilaiza tana daidaita wuta, amma ba ta riƙe ta idan an ɗauke. Na'urar UPS wadda ƙarfinta ya wuce abin da majigin ke sha ita ce ke ba mu 'yan mintocin kashe shi yadda ya kamata. Idan wuta ta ɗauke ba zato, a jira kamar minti 10 kafin a sake kunnawa. Da damina, da zarar hadari ya taso da walƙiya, a cire dukan wayoyi daga bango.

Damina da ambaliya

Da shigowar Yuli a ɗauke majigi daga ƙasa da ƙananan durowoyi. A sa shi cikin jakarsa, a sa jakar cikin bokitin roba mai murfi, a ɗora a wuri mai tsawo inda rufi ba ya yoyo. Bokitin yana kare shi daga ɓera da kyankyaso, da zanzaro mai gina ɗakinsa a ramukan iska. A cire batiran rimot idan za a daɗe ba a yi amfani da shi ba. Idan aka sanar ruwa na tahowa, majigi ya bi rajistar ikkilisiya da takardun fili zuwa tudu.

Idan kuwa ruwa ya riga ya shige shi, kada a kunna shi don a gwada. Gwajin ne ke ƙarasa shi. A tsiyaye ruwan, a ajiye shi a inuwa mai iska, a kai wa mai gyara da wuri ya buɗe ya wanke laka kafin tsatsa ta ci allon ciki.

Idan ya ƙi aiki

Kafin mu ɗauki hanyar Kano neman mai gyara, mu duba waɗannan.

Bai kawo wuta ba sam: a gwada soket ɗin da wani abu, a sauya wayar wuta, a tabbata murfin ƙwai ya rufu sosai, domin yawancinsu ba sa tashi idan murfin bai zauna ba.

Yana tashi, sai ya mutu bayan 'yan mintoci, ƙaramar fitilar da aka rubuta Temp tana ja: zafi ne. A kashe, a share filta, a buɗe masa iska. Idan ba a jin motsin fanka sam, aikin mai gyara ne.

Fitilar da aka rubuta Lamp tana ƙiftawa, ko hoto ya dushe ƙwarai: a duba awannin ƙwai a cikin tsarin. Idan ya kai iyakarsa, a sauya.

Akwai haske amma ba hoto: a danna Source a zaɓi ƙofar da aka soka waya. A kwamfuta mai Windows a danna maɓallin Windows tare da P, a zaɓi nuna hoto a wuri biyu. Idan bai yi ba a sauya wayar HDMI. Ita ce ta fi saurin lalacewa, don haka a riƙa tafiya da guda biyu.

Akwai hoto ba sauti: wayar VGA hoto kaɗai take ɗauka. A ja waya dabam daga kwamfuta zuwa amfilifaya.

Hoto ya yi hazo ko ya karkace: a murza zoben da ke jikin gilashin gaba, a daidaita majigin ya fuskanci allo sosai.

Tabo mai ruwan ɗorawa ko shuɗi da ba ya gushewa, ko fararen ɗigo kamar taurari: lahani ne a ciki, sau da yawa daga zafi. A nan mu tsaya. Kada mu kwance shi da kanmu.

Wajen sauya ƙwai, a cire fulogi a jira awa guda. Kada a taɓa gilashinsa da yatsa. Bayan an sa sabo a mayar da ƙidayar awanni zuwa sifiri. Akwai sinadarin makuri mai guba a cikinsa, saboda haka kada a bar wa yara tsohon su yi wasa da shi, kada a jefa shi a kogi ko a wuta. Idan ya fashe a buɗe tagogi, mutane su fita. A sayi ƙwan da lambarsa ta dace da majigin, a tuna araha ba ta ado. Ikkilisiyar da za ta sayi sabo ta duba irin mai hasken LED ko leza. Yakan kai awa 20,000, kuma ƙananan na LED suna iya aiki da batirin sola, sai dai haskensu ya fi dacewa da dare.

Ranar fita

Ba a fafe gora ranar tafiya. A haɗa komai a gwada tun jajibiri, a bar fim ya yi aƙalla rabin awa yana tafiya. A babur ko kwalekwale, majigi yana jikin mutum cikin leda, ba a ɗaure a kariya ba. A fadama haske yana tara ƙwari, don haka a kunna wata fitila can gefe ta janye su, a kuma duba filta bayan an gama. Mu nemi izinin mai unguwa ko dagaci tun da wuri, mu lura da lokutan sallar maƙwabtanmu, mu rage ƙarar lasifika. Yadda muke zama da mutane shi ma shaida ne.

Muna roƙon kowace ikkilisiya ta yi abu uku kafin Lahadi mai zuwa: a naɗa mai kula da majigi, a buɗe filta a share, a rubuta awannin ƙwai a littafi. Ubangiji ya same mu amintattu a kan abin da ya danƙa mana, ƙarami da babba. Amin.