Filatinam da Tantani: Ko Batirin Haidirojin Zai Yi Amfani a Gaɓar Kainji?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu, ciki har da Gungawan ƙasar Yauri, yake juya injinan da aka tsara su ba da megawat 760. Duk da haka, masunta da masu jiragen fito na Yauri da Ngaski da Shanga da fetur suke tafiyar da injinansu, fetur ɗin da ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a 2023. Wannan ne ya sa maganar batirin haidirojin ta cancanci nazari a wannan yanki.

Shi wannan batiri, wanda Baturen Birtaniya William Grove ya nuna asalinsa a 1839, ba caji ake yi masa ba, ciyar da shi ake yi. Iskar haidirojin tana shiga ta gefe guda, ta tarar da garin filatinam da aka barbaɗa a kan kabon, wanda shi ne katalis, wato sinadarin da ke aiki irin na dillali, ya hanzarta ciniki ba tare da ya shiga cikin kayan ba. Nan haidirojin ke rabuwa zuwa furoton da ilektiron. A tsakiya kuwa akwai tantani na roba da kaurinsa bai kai rubu'in milimita ba, wanda ke barin furoton ya ratsa amma ya tare ilektiron, sai ya zagaya ta waya ya zama lantarki, kafin su haɗu da oksijin a ɗaya gefen su zama ruwa. Ɗaki ɗaya na batirin ba ya wuce kusan bolt 0.7, shi ya sa ake jera su da yawa.

Matsalar tana ga tantanin. Wanda ya fi shahara, Nafion, da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1960, ba ya ratsar da furoton sai yana da laima, kuma bai cika jure zafin da ya zarce digiri 80 ba. A ƙasar da bazara ke haura digiri 40, hunturu kuma ke zuwa da bushewa da ƙura, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Metanol, wanda ake iya ciyar da batirin da shi a maimakon haidirojin, ya fi sauƙin ɗauka, tunda ruwa-ruwa ne da ake zubawa a jarka, sai dai yayin rushewarsa yakan bar kabon monoksaid da ke liƙe wa filatinam ya kashe masa kaifi, dalilin da ya sa ake gauraya filatinam ɗin da rutiniyam. Yana kuma sulalewa ta cikin tantanin ya ƙone a banza, ga shi guba ne mai makantarwa idan aka sha.

Filatinam kansa yana da tsada, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake haƙowa a duniya daga Afirka ta Kudu yake fitowa, ƙasar da ta kafa shirin binciken haidirojin na HySA a 2008. Katalis mai arha da ake haɗawa da ƙarfe da naitirojin da kabon bai kai shi ƙarko ba tukuna. Haidirojin kuma sarrafa shi ake yi: kilo ɗaya daga ruwa yana cin kusan kilowat-awa 50. Ruwa dai Kainji na da shi, amma wutar ba ta da rara, saboda haka hankali ya fi karkata ga ƙananan buƙatu da ba sa jure ɗaukewar wuta, kamar firjin allurar rigakafi a asibitocin tsibirai da turakun sadarwa, muddin an fara gwada tantanin a zafin Afrilu da ƙurar Janairu na Yauri kafin a kashe kuɗin jama'a.