Shin Sukar Shugaban Ƙasa Rashin Kishin Ƙasa Ne?

Jama'a, wannan tambaya ta daɗe ana gardama a kanta, amma ba inda ta fi zafi kamar ƙasar Katsina ta kudu, watau Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Dalili kuwa shi ne marigayi Muhammadu Buhari ɗan ƙasar Katsina ne, a zaɓen 2019 kuma jihar ta ba shi ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya. Duk da haka a zamaninsa ne 'yan bindiga suka hana manoman wannan yanki sakat.

Cikin watan Yuni 2020 aka kashe mutane masu yawa a Kadisau ta ƙasar Faskari. Samari suka fita zanga-zanga a birnin Katsina, aka kama jagoransu, Nastura Ashir Sharif, aka kai shi Abuja, daga baya aka sake shi. Ran 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe 'yan makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, alhali Shugaban Ƙasa yana Daura. Sai ran 17 ga wata aka sako yara 344. To, da iyaye suka ɗaga murya, waɗansu suka ce ai wannan tona asirin ɗan gida ne. Anya kuwa?

Bari mu waiwayi tarihi. Cikin watan Agusta 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Kaduna, ya soki yadda ake tafiyar da mulkin En'e, ya nemi a yi bincike a gyara. Ran waɗansu manya ya ɓaci ƙwarai. Amma shi ne ya zama Firayim Minista a 1957, yau kuwa ba mai ce masa maƙiyin ƙasa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Dokar ƙasa ma ta yarda da haka. Tsarin mulki na 1999 ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne aikin farko na gwamnati, sashe na 39 kuma ya ba kowa ikon faɗin ra'ayinsa. Saboda haka manomin Sabuwa da ya ce gonarsa ta gagare shi shiga, haƙƙinsa yake nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma fa akwai iyaka. Suka dabam, zagi da ƙage dabam. Wanda zai yi suka, ya tabbatar da labarinsa tukuna, ya faɗi laifin aiki, ya bar mutuncin mutum da na iyayensa. Malaman makaranta da ma'aikata, ku ne jama'a ke tambaya in magana ta rikice. Ku koya wa yara cewa shugaba yakan zo ya wuce, ƙasa kuwa tana nan. Allah ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, ya ba ƙasarmu lafiya, amin.