Furannin Hunturu da Adon Wurin Taro a Ƙasar Batsari da Safana



Ƙawata wurin taro da furanni ba tsohuwar al'adar Bahaushe ba ce. Adonmu na gado shi ne zanen bango, da tabarmi masu launi, da jeren kwanoni a ɗakin amarya. Amma yanzu abin ya shigo, kuma da yake yawancin bukukuwan karkara bayan kaka ake yin su, sai ya zamana lokacin da aka fi bukatar furen shi ne lokacin da ake zaton babu shi, watau hunturu. Saboda wannan zato ne ake cika rumfuna da furen roba da ake kawowa daga ƙetare. To, a ganina zaton nan kuskure ne.

Sanyin Turai da hunturunmu ba ɗaya ba ne. A can ƙanƙara ce ke kashe tsiro, shi ya sa sukan yi ado da rassan itatuwan da ba su kaɗe ganye. Mu kuwa bushewa ce abokiyar gaba, gama daga Nuwamba zuwa Fabrairu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Duk da haka, akwai itatuwanmu da suka zaɓi wannan lokaci su yi fure. Mai son sunayensu ya duba littafin da J. M. Dalziel ya wallafa a 1916 a kan sunayen tsirrai da Hausa.

Ku ɗauki gurjiya. Sai ta zubar da ganye ƙaf, sa'an nan ta fid da fure ja, mai kauri, wanda ke faɗowa ƙasa don kansa. Ba sai an hau an sara ba. A tsince da sassafe, a zuba a ƙwarya ko akushi mai ruwa, a ajiye gaban manyan baƙi. Haka minjirya take, ita ma ja ce, ga kuma sansami mai farin fure da shuɗin ja-ja. Rawaya kuwa daga ƙasa take ɓullo da furenta, musamman inda gobara ta ci ciyawa. Soɓorodo ma, da aka girbe a kaka, rassansa na ado ne kafin a kai shi tukunya.

Kariya tana bukatar a yi mata magana dabam. Furenta kyakkyawa ne ƙwarai, amma ruwan jikinta dafi ne, har maharba kan sa shi a kibiya. Kada a yanke ta, kada kuma a ajiye ta kusa da abinci ko inda yara ke wasa. In ana son ta, a dasa a tukunya a kawo ta ɗungum.

Wajen koren ganye, na mangwaro ya fi na darbejiya jimiri, domin yana da kauri, na darbejiya kuwa kafin azahar ya yi yaushi. Kabar goruba takan kwana biyu ba ta canja ba. Ko wanne aka zaɓa, a yanke da asuba, a fere gindin a karkace, a tsige ganyen ƙasa, a tsoma a tulu cikin inuwa har lokacin jerawa.

Saura gawo, wanda ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake kaɗewa, da rani ya yi kore shar. Wannan ya sa idon mai ado zai fara sauka a kansa. Ina roƙo a ƙyale shi. Ganyensa da 'ya'yansa su ne abincin bisashe a lokacin da makiyaya ta ƙone, kuma gero da dawa sun fi kyau a ƙarƙashinsa. Ga shi da ƙaya ma.

Daga ina za a samo sauran? A dā sai a ce dajin Rugu, wanda ya shimfiɗu a yammacin Batsari da Safana har iyakar Zamfara. Amma saran itace ya rage shi, kuma a 2019 hare-haren 'yan bindiga sun tsananta a yankin, har ƙauyuka da dama suka watse. Ba wanda zai tura yaro daji domin furen biki. Abin da ya rage shi ne gonakin bakin gari, da lambunan fadama, da harabar makarantu da ofisoshi. Minjirya da kariya duka suna kamawa in an dasa reshensu, saboda haka hedimasta ko malamin gona da ya kafa su a shinge da daminar bana zai iya samun abin jerawa cikin 'yan shekaru kaɗan.