'Yan Gaban da Aikinsu Hana Ci Ne

A wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda ya fi tashe a Kanada, kowace ƙungiya kan sa mutum shida a fili: mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Gudun yana da tsanani, da wuya 'yan gaba su cika minti ɗaya ba a canja su ba, shi ya sa ake jera su sahu huɗu. Cikin sahun nan akwai sahun tsaro, wanda koci ba ya jiran ci daga gare shi. Aikinsa ya shaƙe gwanayen abokan hamayya, ya hana su sakat.

To, da me za a auna mutumin da nasararsa ita ce ƙwallon da ba ta shiga ba?

Tsohon ma'aunin gasar NHL shi ne lissafin ƙari da ragi: in ƙungiyarka ta ci kana fili a ƙara maka ɗaya, in aka ci ku a rage. Wannan lissafi yana zaluntar sahun tsaro. Su ake turawa gaban 'yan wasa mafi hatsari, galibi kuma a bakin ragarsu suke fara wasa. In mai tsaron raga ya yi sakaci, su ma a rubuta musu ragi, alhali ba su ci nanin ba.

Daga baya masu nazari suka fito da ma'aunin Corsi, wanda ya samo sunansa daga Jim Corsi, tsohon kocin masu tsaron ragar Buffalo Sabres. Shi yana ƙirga duk bugun da aka kai wa raga, ya shiga, ya kauce, ko an tare shi. Ya fi adalci, domin bugu ya fi ci yawa nesa ba kusa ba, sa'a ba ta cika rinjayar lissafin ba. Amma shi ma sai an tambaya: da wa ɗan wasan ya kara, kuma daga ina ya fara?

Tun 1978 ake ba da kofin Selke ga ɗan gaban da ya fi iya tsaro. Bob Gainey na Montreal ya ɗauki huɗun farko a jere, Patrice Bergeron na Boston ya ɗauka sau shida. Sai dai 'yan jarida ne ke zaɓe, kuma a ganina ido ya fi saurin kai wa mai tsaron da yake haɗawa da ci.

Kasuwa ma takan kuskure farashin irin waɗannan 'yan gaba. A 1993 ƙungiyar Detroit ta sayi Kris Draper daga Winnipeg kan dala 1 kacal. Da shi a tsakiyar sahun tsaronta ta ɗauki kofin Stanley na zakarun gasar a 1997, 1998, 2002 da 2008, shi kuma ya karɓi Selke a 2004.