Kula da Daɓen Katako Mai Sheƙi a Gida

Daɓen katako yana iya kai shekaru masu yawa yana sheƙi, amma ƙarkonsa ya rataya ne a kan siririn shafin da aka yi masa a sama. Shafin nan ne yake tsare itacen daga ruwa da ƙasa da takun mutane. Idan ya ƙare, katakon ya zama tsirara, daga nan kuma lalacewa sai ta yi sauri.

Shafin iri biyu ne. Akwai mai zama a saman katako ya bushe ya yi tauri, irin su banish da foliyuretan, wanda aka fi amfani da shi a yau. Akwai kuma mai shiga cikin jikin itacen, wato mai ko kaki. Sanin wanda aka shafa shi ne matakin farko, domin abin da ke gyara ɗaya yana ɓata ɗayan. Idan aka shafa kaki a kan foliyuretan, daɓen zai yi santsi, kuma ranar da aka tashi sabunta shafin ba zai kama ba sai an kankare kakin kakaf.

Babban abin da ke cin sheƙi shi ne yashi. Ƙwayoyinsa da ke maƙale a ƙarƙashin takalmi suna aiki kamar samfefa, suna yin ƙananan karce da ido ba ya gani har sai wurin ya dusashe. Shi ya sa bakin ƙofa da hanyar zuwa kicin suke fara dushewa. Al'adar cire takalmi a ƙofar ɗaki ta riga ta ɗauke rabin aikin hana yashi shiga. Sauran shi ne shimfiɗa matakin goge ƙafa a waje da ciki, da shara kullum da tsintsiya mai laushi ko injin zuƙe ƙura. Tsintsiyar kwakwa ta tsakar gida ba ta dace ba. A lokacin hunturu, da ƙura ke shigowa ko an rufe tagogi, sharar kan zama safe da yamma.

Ruwa ya fi yashi ɓarna. Katako ko bayan an sare shi an busar yana ci gaba da shan danshi yana fitarwa: ya kumbura da damina, ya tsuke da rani. Masu sana'ar daɓen katako sun fi son danshin ɗaki ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100, abin da ke da wuya a wurare irin su Kano, inda iskar hunturu ke bushewa ƙwarai, watan Agusta kuma ya zo da laima. Don haka ƙananan tsagu da ke buɗewa tsakanin allunan a watan Janairu ba abin tashin hankali ba ne, galibi sukan rufe da kansu idan ruwa ya sauka. Saboda wannan motsi ne kafinta mai gwaninta yake barin tazarar kusan santimita 1 tsakanin katako da bango. Abin tsoro shi ne ruwan da ya kwanta. Yana bin tsagu ya shiga ƙasa, gefen allunan ya ɗago, tsakiyarsu ta lotsa. Tsumman goge-goge sai an matse shi har ya daina ɗiga, ruwan da ya zube kuma a tsane shi nan take, ko na buta ne, ko na tukunyar fure, ko wanda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigarwa. Ruwan bilic da omo mai ƙarfi da ruwan khal suna dusar da shafi, injin goge-goge mai tururi kuma yana tura danshi cikin itacen.

Tabon ruwa kansa yana faɗin zurfin ɓarnar. Fari yana nufin danshin ya tsaya a cikin shafin, sau da yawa gyaransa ba wuya. Baƙi kuwa ya kai ga itacen, sai an kankare.

Ƙafafun kujeru da tebura suna buƙatar ƙyalle mai kauri a ƙarƙashinsu, kaya masu nauyi kuma a ɗaga su ake yi, ba ja ba. Kaskon turaren wuta ba a ajiye shi kai tsaye a kan katako, don garwashi ɗaya ya isa ya bar ƙuna. Hasken rana yana sauya launin itace, saboda haka ana sakin labule da rana, ana kuma matsar da kafet lokaci zuwa lokaci. Gara ma tana shigowa ta ƙasa, ko da yake itacen loko da na tik sun fi yawancin itatuwa jure mata. Allon da aka ƙwanƙwasa aka ji shi holoƙo yana buƙatar a duba shi ba da jinkiri ba.

Ana gane shafi ya gaji ta hanyar ɗiga ruwa kaɗan inda aka fi takawa. Idan ya tsaya dunƙule, shafin yana nan. Idan ya nutse wurin ya yi duhu, lokacin sabuntawa ya yi. Yi wa shafin goga kaɗan a ƙara sabo ya fi kankare daɓen gaba ɗaya araha nesa ba kusa ba. Tsantsar katako mai kaurin kusan milimita 19 yana ɗaukar kankara sau da dama, wanda aka yi wa siririn itace a sama kuma ba ya jure fiye da sau ɗaya ko biyu. Laminet kuwa hoton itace ne aka manna a kan allo, ba a kankare shi sam, sai dai a sauya allon da ya lalace.